Lokacin da jini ya daina isa ƙafar Malam

Maigidana yana da ciwon suga tun kafin a haifi autarmu, daga baya hawan jini ya zo ya haɗu. Mun saba da su, ana shan magani ana harkoki. Abin da ya zo sabo shi ne ciwon sha-raɓa. Zai kama hanyar masallaci, kafin ya kai sai ƙafar hagu ta riƙe, ya tsaya ya jingina da bango na ɗan lokaci, ta sake shi, ya ci gaba. Shi yana cewa tsayuwar kasuwa ce, don a Kantin Kwari yake sana'arsa. Da tafiya ta yi tafiya ciwon ya koma na dare. In ya miƙe a gado sai tafin ƙafar ya hau zugi, ba ya samun barci sai ya sauko da ƙafar ƙasa tana reto. In ka taɓa ta kuma sanyi ƙalau, ko da ana zafi.

Da hunturu ya shigo, mai yankan farce ya ɗan kwarzane shi a gefen ƙaramin yatsan ƙafar. Ciwon bai kai ƙwayar gero ba. Bai warke ba, yatsan ya fara duhu, sai wari, sai zazzaɓi. Ranar da muka je asibiti likita ya kalli ƙafar, ya laluba bayan idon sawu da saman ƙafa yana neman bugun jini, bai samu ba, ya ce gado za a ba shi a ranar.

Bayanin da ya yi mana a tsaye shi ne na riƙe har yau. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafa sun tsuke, kitse ya taru a jikinsu kamar yadda tsatsa ke cike bututun famfo har ruwa ya koma ɗigo. Suga da hawan jini da taba su ne ke gaggauta wannan. In mutum yana tafiya naman ƙafa na neman jini fiye da wanda ke isowa, shi ya sa take riƙewa. In ta kai ana jin zugi a kwance, to jinin bai isa ko na hutu ba, kuma sauko da ƙafa ƙasa na ɗan taimaka masa ya gangara. Ciwo kuwa ba ya warkewa inda jini ba ya zuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma a cikin jini yake tafiya. An yi masa hoton jijiyoyi da ake kira dofla, aka kuma auna ƙarfin jini a idon sawu aka gwada da na hannu. A lafiyayyen mutum lissafin kan tashi wajen 1, in ya yi ƙasa da 0.9 akwai tsukewa. Na Malam ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

A ɗakin maza ba a barin mace ta kwana. Ƙaninsa ne ke shimfiɗa tabarma a gefen gado da dare, ni kuma ina idar da sallar asuba sai in kamo hanya da abin kari. Dalilin sammakon nan shi ne zagayen likitoci. Da safe babban likita ke shigowa da tawagarsa, su tsaya kan kowane gado na 'yan mintuna, su yi magana da Turanci a tsakaninsu, su wuce. Duk abin da za a yi wa majinyaci a ranar a nan ake yanke shi. In ba ka nan, sai dai ka ji an miƙo maka takardar gwaji ba ka san dalilinta ba.

Na sayi littafi irin na 'yan makaranta. A ciki nake rubuta awon suga na safe da na yamma, sunan kowane magani da lokacin da aka ba shi, ranar da aka wanke ciwo da yadda ya yi kama, da tambayoyin da suka zo mini cikin dare. Likitoci suna canzawa, nas-nas suna karɓeɓeniya, mu ne kaɗai ba ma canzawa. Sau da yawa sabon likita kan tambayi abin da aka yi shekaranjiya, Malam ya kalle ni, in buɗe littafi. Na lura kuma mai tambaya ɗaya gajeriya a rubuce ya fi samun amsa a kan mai dogon labari. "Likita, baƙin nan ya ƙara hawa ko yana nan inda yake?" Irin wannan sukan tsaya su amsa.

Abu mafi nauyi a duk jinyar shi ne ranar da aka ce za a cire yatsan. Ya riga ya mutu, kuma ruɓar tana neman shiga tafin ƙafa. Kafin la'asar labari ya kai ko'ina a dangi. Kawunsa ya zo daga ƙauye ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, wani abu ya taka, a ba shi shi ya kai shi wurin mai magani, ba a taɓa yanka wani a zuri'arsu ba. Hajiya mahaifiyarsa tana kuka tana cewa yadda Allah ya ba ta ɗanta da yatsu goma haka take so ya koma masa. Ba na ganin laifinsu. Tsoro ne da ƙauna, kuma kowa ya san wani da aka ce za a yanke wa ƙafa ya gudu ya warke, ko da yake ba wanda ke ba da labarin waɗanda suka gudu ba su dawo ba.

Ni kuwa na ga ɗaya da idona. Dattijon da ke gado na kusa da mu an taɓa kwantar da shi a ɗakin nan kan yatsa ɗaya, 'ya'yansa suka sa hannu suka fitar da shi. Lokacin da muka same shi ya dawo ne, an cire ƙafar daga saman gwiwa. 'Yarsa ce ta ba ni labarin a bakin famfo muna wanke kwanuka, ta ce, "Baiwar Allah, in sun ce yatsa, ku ba su yatsa."

Matar ɗa ba ta musu da suruka a gaban jama'a, kuma ko na yi ba zai amfane mu ba. Sai na samu babban wansa a waje na ce, "Yaya, don Allah ka shiga wurin likita da kanka ka ji, kai za su fi saurara." Na roƙi ƙaramin likitan da ke jin Hausa ya kwance bandejin a gabansa. Ya gani, ya ji warin, aka nuna masa inda jan ya tsaya jiya da inda ya kai yau. Ya fito bai ce komai ba, ya je ya zauna kusa da Hajiya. Shi ya shawo kanta, da maganar da ni ba zan iya faɗa mata ba.

Da aka watse na ja kujera kusa da Malam. Duk hayaniyar nan ba wanda ya tambaye shi, alhali ƙafarsa ce kuma shi zai sa hannu. Na ce, "Malam, kai me ka gani?" Ya daɗe yana kallon silin. Ya ce, "Tsoro nake ji kar in farka in ga babu ƙafar gaba ɗaya." Ashe abin da ke cinsa ke nan. Washegari na sa ya faɗa wa likitan tiyata da bakinsa. Likitan ya karanta masa abin da takardar ta ƙunsa, ya ce yatsan za a cire da mataccen naman da ke kewaye, bai kuma ɓoye masa ba cewa in jini bai wadata ba ciwon na iya ƙin warkewa har a sake zama a yi wata maganar. Malam ya yi bismilla ya sa hannu.

'Yan dubiya alheri ne, amma sai an tsaya a kansu. Kowa zai shigo da ledarsa: lemon kwalba, maltina, kunu mai suga, wani kuma ya zaro ƙullin gari daga aljihu ya ce a barbaɗa a ciwon. Nakan karɓa da hannu biyu in yi godiya, in ajiye a ƙarƙashin gado, da yamma ƙaninsa ya kai wa yara abin sha. Garin kuwa ba ya zuwa kusa da ƙafar. Abincinsa daga gida nake kawowa, tuwon alkama kaɗan da miyar kuka ko ta zogale, wake, kifi, ƙwai, don mai ciwo a jiki yana bukatar abin gina jiki, ba yunwa za a bar shi da ita ba don ana tsoron suga.

A asibiti an mayar da shi kan allurar insulin, ita kuma tana da nata haɗarin. Wata rana aka yi masa allura, abinci ya makara a hanya saboda cunkoso. Ina zaune sai na ga gumi na keto masa a goshi, hannunsa na rawa, ina masa magana yana amsa wani abu daban. Na ruga na kira sista. Ta soki yatsan hannunsa, awon suga ya faɗi ƙasa da 4, wato allurar ta saukar da sugan fiye da kima. Ta ce a jiƙa suga a ruwa a ba shi maza tunda yana iya haɗiya. Cikin 'yan mintuna ya dawo hayyacinsa yana tambayar me ya faru. Daga ranar ba a yi masa allurar cin abinci sai kwano na kan durowa, kuma kullum akwai ƙullin suga a jakata.

Kula da ƙafar kanta ya saɓa wa duk abin da muka saba. Mai ciwon ƙafa a gida gashi ake masa da ruwan zafi, a ɗora ƙafar kan filo. Nan duka biyun an hana. Suga ya kashe masa jin zafin abu a fatar ƙafa, zai ƙone bai sani ba, kuma ƙuna a ƙafar da ba jini sabon ciwo ne. Ɗaga ta sama kuma rage mata ɗan jinin da ke isowa ne. In ta yi sanyi sai dai a lulluɓa ta da mayafi mara nauyi. Wata tsohuwar nas ta koya mini in riƙa sa filo a ƙarƙashin ƙwaurinsa yadda diddige zai tashi kaɗan daga katifa, don diddigen mai irin wannan ciwo saurin ƙujewa gare shi, a kuma riƙa juya shi duk bayan awa biyu lokacin da ba ya iya tashi. Lafiyayyar ƙafar ma kullum sai na duba ta, har tsakanin yatsu.

Kuɗi sun tafi, ba zan ɓoye ba. Magani, gwaji, kayan wankin ciwo, komai sai ka biya ka kawo rasit. Da aka nemi jini, samarin shagonsa ne suka zo suka bayar. Bayan tiyata ciwon ya tsaya, bai lalace ba bai kuma cike ba, sai aka ce a yi hoton jijiyoyi na siti-sikan wanda ake sa ruwan rini a jini. Kafin nan sai da aka gwada ƙodarsa, don rinin na iya taɓa ta. Hoton ya nuna inda hanyar ta tsuke a cinya, aka tura mu wani asibiti inda ake zura siririn bututu ta matsematsi a hura ɗan balan-balan a buɗe wurin. Ba ko'ina ake yin aikin ba, kuma da tsada. Na sayar da sarƙata da 'yan kunne, 'yan'uwa da abokan kasuwa suka haɗa sauran. Washegarin aikin na taɓa ƙafar na ji ɗumi, karo na farko cikin watanni.

Akwai jinyar da ba ta cikin takardar likita. Mutumin da ya saba fita ya ciyar da gida, yanzu sai an miƙo masa tasar fitsari. Wasu ranakun ba ya magana, wasu ranakun faɗa yake da kowa. Na daina yanke komai ba tare da shi ba, ko kuɗin makarantar yara sai in kawo masa lissafi ya duba, yaran shago kuma na ce su riƙa zuwa da littafin ciniki. Hakan ya fi lallashi tasiri. Sallah ma ta dame shi har sai da limamin unguwarmu ya zo dubiya ya tabbatar masa ya yi a zaune, ya yi shafa a kan bandeji, in ruwa zai cutar ya yi taimama. Maganar taba kuwa tsakanina da shi ce da likita, Hajiya ba ta taɓa sanin yana sha ba kuma ba daga bakina za ta ji ba. Likita ya gaya masa kai tsaye cewa in ya koma mata jijiyar da aka buɗe za ta sake toshewa. Ya sha wahalar bari, musamman bayan cin abinci, amma ya bari.

Ni ma jikina ya nuna. Ƙanwata ce ta lura ƙafafuna sun kumbura, ta karɓi yara da girki, ta tilasta mini in riƙa komawa gida bayan azahar wasu ranakun in kwanta. Duk wanda ya ce "me za a taimaka da shi?" na koyi ba shi aiki takamaimai: kai abinci ranar Talata, bin layin magani, kwana ɗaya a madadin ƙaninsa.

Yanzu yana gida, ciwon ya rufe bayan watanni ana wanki. Yana shan asfirin da wani maganin hana jini daskarewa, da na rage kitse a jini, da na suga da hawan jini, ba fashi. Ba ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, kafin ya sa takalmi sai an zazzage shi, farce kuma ni ke yanke masa da rana inda haske yake. Da hunturu ina shafa masa mai a diddige saboda faso, ban da tsakanin yatsu. Likita ya ce ya riƙa tafiya kullum, in ƙafar ta riƙe ya huta ya ci gaba, domin tafiyar na ƙara masa nisan da zai iya. Ya kuma ja mana kunne cewa in ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta yi fari, ta mutu ko ta hau ciwo mai tsanani, kada a jira gari ya waye, awanni kaɗan ne tsakanin ceto ta da rasa ta. Na rubuta wannan na manna a jikin firij, na kuma karanta wa manyan yaran. Ƙafar dama ita ma hoton ya nuna ta fara tsukewa, don haka a zuwa asibiti na gaba ita za a fara dubawa.