Daga Eksasitok zuwa Atositok: Yadda Ake Juya Ma'aunin Danƙon Gudana

Duk wanda ya taɓa duba takardar bayanin man juye ko man haidirolik zai ga wani adadi da aka rubuta cSt ko mm²/s a gabansa. Wannan adadi yana nuna danƙon gudana, wato irin jan jikin da abu mai ruwa-ruwa yake yi idan nauyinsa ne kaɗai yake tura shi, kuma ana samun sa ne idan aka raba danƙon abin da nauyin mita kubik ɗaya nasa. Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne murabba'in mita a sakan ɗaya (m²/s), amma masu harkar mai sun fi sabawa da sitok, wanda aka raɗa wa sunan George Gabriel Stokes, malamin lissafi na Jami'ar Kambirij da ya rasu a 1903. Sitok 1 daidai yake da 0.0001 m²/s, santisitok (cSt) kuwa kashi ɗaya ne cikin 100 na sitok.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wajen murabba'i. Milimita kashi ɗaya ce cikin 1,000 na mita, saboda haka sai mutum ya ɗauka cewa murabba'in milimita ma haka yake, alhali kuwa sai an ninka 1,000 sau 1,000, abin da ya mayar da shi kashi ɗaya cikin miliyan. Wannan ne dalilin da ya sa cSt 1 da mm²/s 1 suke abu ɗaya, dukansu 0.000001 m²/s. Ɗafin da aka maƙala wa sitok kuwa, kamar "santi" a santisitok, ba a ninka shi da kansa, domin sitok ɗin ya riga ya ƙunshi murabba'insa. Wanda ya cakuɗa waɗannan ƙa'idoji biyu zai sami amsar da ta kauce sau 1,000, kuma na'urar lissafi ba za ta gargaɗe shi ba.

Shafukan juya ma'auni na intanet sukan jera sunaye tun daga eksasitok, wato sitok 10¹⁸, har zuwa atositok, wato sitok 10⁻¹⁸. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a fara mayar da komai zuwa m²/s, sannan a ƙirga sifilai maimakon a rubuta su. Eksasitok 1 ya zama 10¹⁴ m²/s, domin an cire 4 daga 18. Atositok 1 kuwa ya zama 10⁻²² m²/s. Tazarar da ke tsakaninsu 10³⁶ ce, wato 1 da sifili 36 a bayansa, adadin da ba wanda zai kwafa da hannu ya tabbata bai tsallake sifili ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa manyan ma'aunan suna da abubuwan da suke aunawa a zahiri. A 1927 Thomas Parnell ya zuba narkakkiyar kwalta a mazurari a Jami'ar Kwinsilan ta Ostareliya, kuma ɗigo 9 ne kacal suka faɗo zuwa 2014. An ƙiyasta danƙonta ya ninka na ruwa kusan sau biliyan 230, wanda ya kai ta wajen gigasitok 2, wato sitok biliyan 2. Duwatsun da ke ƙarƙashin ɓawon duniya su ma suna gudana a tsawon dubban shekaru, kuma idan aka raba danƙonsu, wanda masana suke sanyawa kusan 10²¹ Pa·s (ma'aunin danƙo kafin a raba shi da nauyi), da nauyin kilogiram 3,300 a mita kubik, za a sami kimanin 3 × 10¹⁷ m²/s, wato eksasitok 3,000.

Ɓangaren ƙanana kuwa kusan fanko ne. Ruwa a zafin digiri 20 na ma'aunin Salsiyos yana da cSt 1, zaiba tana da kusan 0.11, iska kuma, saboda rashin nauyinta, ta kai wajen 15, wato ta fi ruwa. A shekarar 2020 masana biyu, Trachenko da Brazhkin, suka nuna cewa danƙon gudanar abubuwa masu ruwa-ruwa yana da iyakar da ba ya yin ƙasa da ita sosai, a kusa da 10⁻⁷ m²/s. Atositok yana ƙasa da wannan iyaka sau 10¹⁵, don haka idan lissafin man inji ya kai mutum can, to alamar ƙari da ta ragi ce ya musanya.

Akwai kuma abin da juya ma'auni ba ya gyarawa, wato zafi. Lambar ISO VG 46 da ake gani a kan man haidirolik tana nufin mai yana da kusan cSt 46 a digiri 40, yayin da ake auna man inji mai lamba SAE 40 a digiri 100, inda dole ne ya faɗa tsakanin 12.5 da 16.3. Bakanike ko injiniyan da ya ɗora 46 kusa da 14 ya yanke cewa na farkon ya fi kauri ya yi kuskure, domin man SAE 40 idan aka auna shi a digiri 40 yakan haura cSt 100.