Batura huɗu da albashin wata biyu

Ranar Alhamis na mayar da makullin atiliye, bayan shekara shida ina tsaye gaban tur ɗin nan mai kwamfuta, injin da ke juya ƙarfe yana sassaƙa shi. Duk mai sana'ar ƙarfe a Damagaram ya san irin injinan nan ba su da yawa a garin, kuma in naka ya tsaya babu wanda za ka kira ya zo kafin la'asar. Sai dai ka ɗauki hoton allo ka aika Kano ko Yamai, ka zauna jira.

A shekarata ta biyu abin ya faru. Kusan sati uku kalmar BAT tana ƙyaftawa a ƙasan allon FANUC (kwamfutar da ke sarrafa injin), alamar baturan da ke riƙe wa inji matsayinsa sun yi sanyi. Batura huɗu ne manya irin na tocila, bolt 6 gaba ɗaya, cikin wani ɗan akwati a jikin injin. Sau uku ina faɗa wa Maigida. A na ukun ko ɗaga kai bai yi daga lissafinsa ba, ya ce, "Kai dai yi aikinka, ai yana juyawa."

Da baturan suka zo, sai na yi abin da aka koya mana tun lekol: ka kashe wuta kafin ka sa hannu. Na kashe inji, na zare tsofaffi, na sa sababbi. Ashe waɗannan da wuta a kunne ake canza su, a danna jan maɓallin tsayar da inji kawai, don da zarar wuta da batir sun yanke tare, injin ya manta inda yake. Ina kunnawa sai ga alam 300, wato lambar gargaɗi, a kan X da Z, hanyoyi biyun da wuƙa ke bi, yana neman a sake nuna masa sifirinsa, inda yake fara ƙirga matsayinsa.

Nan ne na yi kuskuren da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Mai aikin yana zaune kan benci a bakin ƙofa, wani mai injin niƙa daga Mirriya, yana jiran sandar ƙarfensa tun safe. Na buɗe faramita 1815 a cikin saitin injin, na tura kan wuƙaƙen zuwa inda idona ya ce nan ne, na mayar da APZ zuwa 1, wato na gaya wa inji nan ne sifirinsa. Alam ya ɓace, raina ya yi fari. Ban sake auna wuƙaƙe ba, ban rage gudu ba, ban bi shirin layi-layi ba. Na danna koren maɓalli. Ƙarar da ta biyo baya har mai shayi na tsallaken titi ya ji ta. Wuƙa ta shige bakin mandaran, abin da ke riƙe ƙarfen yana juya shi, kan wuƙaƙen ya goce, allon ya yi ja da alam 411.

Laifina na amsa shi a take, gaban kowa. Abin da ban yafe ba shi ne yadda Maigida ya ba da labarin. A bakinsa babu sati ukun nan, babu littafin injin da ya kulle a durowa wai kada mu ɓata shi da baƙin mai, littafin da a ciki aka rubuta yadda ake canza baturan ɓaro-ɓaro. Ya yanke mini albashin wata biyu, ga azumi ya ƙarato. Wani dattijon ma'aikaci da muke kira Baba ne ya tsaya tare da ni dare biyu muna daidaita kan wuƙaƙen da agogon awo. Bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai, "Yaro, kafin ka taɓa RESET, rubuta lambar."

Washegari na sayi kaye a Kasuwar Dole. Kowane alam sai na rubuta lambarsa, da lokaci, da abin da injin ke yi sa'ad da ya tsaya. Daga kayen na gane in alam biyar suka fito tare, a shiga tarihinsu a nemi na farko, sauran ƴan rakiya ne. In 700 ta fito a zafin Afrilu, a duba fanka da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Barin ƙofar akwatin wuta a buɗe ƙura kawai yake ƙarawa. In 401 ta fito bayan kuran ya yi wasa, a auna wutar da ke shigowa kafin a zargi amfili, na'urar da ke tura wa moto ɗin injin wuta. Lambobin 1000 zuwa sama na wanda ya ƙera injin ne, a littafinsa ake nemansu. Faramita kuwa a kwafe su a kati tun inji yana lafiya.

Shekara huɗu bayan haka injin bai sake kwana a tsaye saboda hannuna ba, har daga wani atiliye aka taɓa aiko babur a ɗauke ni. Kayen na bar wa yaron da zai gaje ni, na kuma rubuta masa ranar canza batura da fenti a jikin akwatin. Maigida ya yi mini addu'a da zan tafi, ya riƙe hannuna ya daɗe. Maganar wata biyun nan bai tayar ba, ni ma ban tayar ba.