Magatakardan da ya fi mai bulala ban tsoro

Shekara biyu na yi ina fama da wani ƙagaggen labari, irin wanda ake hasko duniyar gobe bayan ta lalace. A ƙasar da na ƙirƙira, launin fata ne ke yanke wa jariri hukunci. In ya fito da duhu, sai a maƙala masa ƙarfe a wuya, ya tashi a ramin haƙar ma'adinai, ya mutu a ciki. Na zuba bulala, na zuba sarƙa, na kawo wani azzalumin shugaba mai jajayen idanu. Da na kai shafi 120 sai na ɗauka na kai wa tsohon malamina na tarihi, baki har kunne.

Bayan mako guda ya miƙo mini takarduna. "Ɗana, alƙalaminka na da kaifi, amma wannan mugun naka ai aljani ne. Wa ke riƙe masa littafin lissafi?"

Na ce, "Malam, wane lissafi kuma?"

Ya ce in je in karanta abin da ya faru a jirgin Zong, sannan in dawo.

A 1781 ma'aikatan wannan jirgin dakon bayi na Ingila, a hanyarsu ta zuwa Jamaika, suka jefa 'yan Afirka sama da 130 cikin teku da ransu, wai ruwan sha ya yi ƙaranci. Wanda ya mutu da ciwo, inshora ba ta biyan kuɗinsa. Wanda aka jefar don a ceci sauran kaya kuwa, ana iya neman diyyarsa. Da maganar ta je kotu a Landan a 1783, ba kisan kai aka tattauna ba, wanda zai ɗauki asarar haja ake nema. Daren nan ban runtsa ba. Duk muguntar da na matse ƙwaƙwalwata na ƙago ba ta kama ƙafar wannan ba, kuma waɗanda suka yi gardamar mutane ne masu tsabtar riga da iya magana.

Daga nan na shiga tonon dokoki. A Bajiniya, cikin Amurka ta yau, tun 1662 aka rubuta cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi, wato ubangida na iya haihuwa da baiwarsa ya kuma sayar da abin da ya haifa. A Karolaina ta Kudu, dokar 1740 ta sa tarar fam 100 a kan duk wanda ya koya wa bawa rubutu. Wani ne ya zauna ya tsara waɗannan jimloli, har ya gyara waƙafi.

Sai na kori mai jajayen idanun, na ɗauko magatakarda. Mutum ne mai ladabi, da tabon tawada a ɗan yatsansa, 'yarsa kuma na fama da tari. Akwai wurin da aka kawo masa labarin rami ya rufta da mutum goma sha ɗaya. Ya rubuta "sun mutu", ya yi shiru, ya soke, ya mayar da ita "an yi asara", ya hura tawadar ta bushe, ya tashi ya je sayen maganin tari. Shafi ɗaya tak, amma ya fi babi uku na bulala nauyi.

Kuskurena na biyu, ni na kama kaina. Na sa ɗan masu mulki ne zai tausaya ya buɗe wa bayi ƙofa. Kunya ta kama ni da na tuna Haiti: bayin da kansu suka tashi a 1791, suka kafa ƙasarsu a 1804. Na cire yaron, ragamar ta koma hannun wata mata mai koya wa yara haruffa a ɓoye da gawayi, tana gogewa kafin gari ya waye.

Ƙarshen labarin ne ya fi ba ni wuya. Da farko na rufe shi da murna, ƙarafa na zubewa daga wuya. Amma a 1825 Faransa ta ɗora wa Haiti faran miliyan 150 kafin ta yarda da 'yancinta. Birtaniya ta soke bauta da dokar 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya, kuma masu bayin aka biya, bayin ko anini ba su gani ba. A Amurka, gyaran tsarin mulki na 13 ya haramta bauta a 1865, sai dai ga wanda aka yanke wa hukuncin laifi, nan take kuwa jihohin kudu suka dinga kama baƙaƙen fata suna ba da hayarsu ga masu gonaki da ma'adinai.

Don haka babina na ƙarshe washegarin 'yanci ne. Matar nan ta shiga ofis neman takardar shaida, ta tarar da magatakardan yana nan a kujerarsa, ya buɗe sabon littafi, a bangonsa an rubuta "bashi". Ya tambayi sunanta. Ta karɓe alƙalamin daga hannunsa ta rubuta da kanta.

Malam ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "To, yanzu sai ka koma ka gyara babi na huɗu."