Auna imfals da ƙwallon tanis da wayar hannu

Kayan aikin ba su da yawa: ƙwallon tanis mai giram 58, tef ɗin awo da na manna a bango, daɓen siminti, da waya mai ɗaukar bidiyo firam 240, wato hotuna 240, a daƙiƙa. Abin da nake nema shi ne imfals, wato ƙarfi sau tsawon lokacin da ya yi aiki, wanda dokar Newton ta biyu ta nuna daidai yake da canjin momentom, nauyin abu a kilogiram sau gudunsa.

Na saki ƙwallon daga tsayin mita 1, saki kawai ba jifa ba, ina aunawa daga ƙasan ƙwallon. Ta dawo sama kusan santimita 55. A ajiye wayar daidai wannan tsayin, nesa da bango kamar mita biyu. In ta yi kusa ko ta karkata, tef ɗin zai yi maka ƙarya. A waje aka fi yi, da rana, domin wasu fitilun ɗaki suna ƙyaftawa a bidiyon da aka rage wa sauri.

Daga tsayi ake samun gudu, da v² = 2gh, inda v gudu ne, h tsayi, g kuma yadda jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗuwa gudu. Ta isa ƙasa da mita 4.43 a daƙiƙa, ta tashi da 3.28. A nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa: sai su ɗebe 3.28 daga 4.43, su ninka da kilogiram 0.058 na ƙwallon, su samu imfals 0.067. Momentom yana da alkibla. In sama ce +, to saukowa −4.43 ce, canjin gudu ya zama 7.71, imfals kuma 0.058 × 7.71 = 0.45 N s, wato niyuton (ma'aunin ƙarfi) sau daƙiƙa. Daɓen ya tsayar da ƙwallon tukuna, sannan ya sake tura ta sama, aiki biyu ke nan. Na gwada da curin yumɓu mai giram 58, wanda ke mannewa ba ya tsalle: 0.26 kawai. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba ya ƙara mance alamar.

Lokacin taɓa ƙasa shi ne raunin gwajin. Ƙwallon tanis tana taɓa siminti na kusan daƙiƙa 0.005, firam ɗaya kuwa 0.0042 ne. Wani sakin ka ga firam ɗaya, wani biyu, amsar ƙarfi ta ninka ko ta rabe. In an raba imfals 0.45 da 0.005, matsakaicin ƙarfin ya kai niyuton 90, alhali nauyin ƙwallon, wato ƙarfin da ƙasa ke janta da shi, niyuton 0.57 ne, shi ya sa ake watsar da shi a lissafin. Ni dai ina rubuta imfals da lamba biyu, amma ƙarfin ba na cewa komai a kansa sai "wajen 90".

Mai son ƙirga firam da gaske ya sa soson katifa mai kauri a ƙasa, ya saki yumɓun a kai, yana auna mita 1 daga saman soson. A ce ya ƙirga firam 10 kafin ya tsaya, daƙiƙa 0.042 ke nan, 0.26 ÷ 0.042 ya ba da niyuton 6.2. Wannan shi ne ƙarfin da ya rage bayan an cire nauyi. Abin da soson ya tura da shi 6.8 ne, domin a nan 0.57 ta kusa kashi goma cikin ɗari, ba a watsar da ita.