Yaƙin Sigetwar: Yadda Aka Ɓoye Rasuwar Sarki Sulaiman Kwana 48

A ranar 1 ga Mayu 1566 Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya fita daga Santambul da rundunarsa, fitarsa ta 13 kuma ta ƙarshe. Ya haura shekara 70, ciwon gaɓɓai ya ci ƙarfinsa har hawan doki ya zama masa wahala. A keken doki aka kai shi, sai in za a ratsa babban gari a ɗora shi kan doki don talakawa su ga sarkinsu. Shekara guda kafin nan sojojinsa sun sha kashi a tsibirin Malta, ga kuma surutu cewa sarki ya daɗe bai fita yaƙi da kansa ba. Wannan ne ya fito da tsohon.

Da farko garin Eger da ke arewacin Hungari aka nufa. Ana hanya labari ya zo cewa Nikola Zirinski, kwamandan Sigetwar a kudancin Hungari, ya auka wa wata rundunar Turkawa a Siklos ya kashe shugabanta. Sai aka juya akala. A ganina nan aka fara asara, domin lokacin yaƙi a wannan yanki gajere ne: kafin a iso bazara ta yi nisa, kuma dole a juya gida kafin sanyi ya hana dabbobi ciyawa.

Sigetwar ba wani babban birni ba ne. Mayaƙan Zirinski kimanin 2,300 ne kacal, Turkawa sun ninka su sau da yawa. Ƙarfin wurin a ruwa yake. An datse rafin Almas, ya malale ya zama fadama kewaye da gari, garin kuma kashi-kashi ne: sabon gari, tsohon gari, sai ƙaramar ganuwa ta ciki, gadoji ne suka haɗa su. Ganuwar ma yawanci ƙasa ce da aka cusa tsakanin gungumen itatuwa. Irin wannan gini yakan haɗiye harsashin igwa maimakon ya tsage kamar dutse. Abin da yake tsoro wuta ce.

An fara ƙawanya a makon farko na Agusta. Masu aikin Turkawa suka fasa madatsar don ruwa ya janye, sannan suka shiga cike taɓo da itace da buhunan ƙasa, suna shimfiɗa hanya zuwa gindin ganuwa, suna kuma tara tudu don maharba su riƙa harbi daga sama. Duk wannan a fili ake yi, a gaban bindigogin na ciki, shi ya sa gawa ta yi yawa. Sabon gari ya faɗi da wuri, tsohon gari ya ɗan jima. Farmakin da aka riƙa kai wa ganuwar ciki a ƙarshen Agusta duk an kore shi. Abin da ya kawo ƙarshen zancen rami ne: aka haƙa ta ƙarƙashin wata kusurwar ganuwa, aka cika da albarushi, aka tayar a ranar 5 ga Satumba. Gobara ta kama, ba ta kashuwa.

Sulaiman bai ga nasarar ba. Ya rasu a cikin tantinsa daren 6 ga Satumba wayewar 7. Bayan haka Zirinski, da ya ga wuta ta cinye mafakarsa, ya buɗe ƙofa ya fito da ragowar mutanensa, aka kashe shi a kan gada. Turkawa na kutsawa ciki ma'ajiyar albarushi ta tashi da su. Shi kuwa Sarki Maksimiliyan na Biyu, mai mulkin Ostiriya da Hungari wanda Zirinski ke ƙarƙashinsa, yana zaune da babbar runduna kusa da garin Gyor, bai taka ko nan da can ba don kawo ɗauki.

Babban aikin yanzu ya koma kan Waziri Sokollu Mehmed Fasha. Yarima mai jiran gado, Salim, yana Kutahya can cikin Anatoliya, tafiyar makonni. A al'adarsu, mutuwar sarki tana kwance mubaya'a, sojojin Janisari kuma, wato dakarun sarki na musamman, sukan tayar da ƙayar baya su nemi kyautar hawan sabon sarki. Runduna irin wannan, a ƙasar abokan gaba, ba sarki, ai wargajewa ce. Sai Waziri ya toshe bakin kowa. Aka yi wa gawa wanka da salla a asirce cikin tanti. Aka ci gaba da kai abinci, ana buga tambura a kan lokaci, ana zaman majalisa, takardun umarni suna fita da sunan sarki, wani bafade mai rubutu irin nasa ne ke yi. Sojoji kuwa aka shagaltar da su da gyaran ganuwar da suka rushe da gina masallaci. A ɓoye manzo ya sheƙa Kutahya.

Sai da aka kama hanyar gida, aka kusa Belgrad inda Salim ya iso, sannan aka sa mahaddata suka kewaye keken suna karatun Alƙur'ani. Da jin karatun kowa ya gane. Kwana 48 ke nan da rasuwar. Duk da haka Janisari ba su yafe kuɗinsu ba: da aka isa Santambul sun tare hanya sai da Salim ya yi alkawarin biya.

An binne Sulaiman a harabar masallacinsa na Sulaimaniyya bayan mulkin shekara 46. A inda tantinsa ya tsaya kusa da Sigetwar an gina hubbare, wanda ya rushe daga baya har aka manta wurinsa, sai a 2015 masu tonon tarihi suka gano harsashin ginin a kan wani tudun gonakin inabi. A 1568 aka ƙulla sulhu a Edirne, Maksimiliyan ya yarda da biyan zinariya 30,000 duk shekara, Sigetwar kuma ta zauna a hannun Turkawa har 1689.