Lahadin hunturu da wutar da ta daskare

Sanyin yau ya wuce misali. Na ɗora ruwa tun ƙarfe biyar, kafin in gama shafa wa yara man kaɗanya ya huce. Muka isa coci a makare, leɓɓa duk a tsage. Sai ga shi wa'azin a kan Gidan Wuta ne. Fasto ya karanta Luka 16, labarin mai arzikin nan da Li'azaru, inda mai arzikin ya roƙi a tsoma yatsa a ruwa a sanyaya masa harshe. Daga nan ya shiga kwatance: aljanu da sanduna, tukwane na tafasa, kowane mai laifi da irin azabarsa. Tsohuwar da ke gefena sai cewa take, "Ubangiji ka yi mana jinƙai." Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, tunani nake yi: a wace aya ya samo tukwanen nan?

Da muka dawo na tambayi Baba, tunda ya yi shekaru yana koyar da ajin baftisma. Ya ajiye kofin kununsa ya ce, "Ke dai da ɗan karatun nan naki. Markus bai ce tsutsarsu ba ta mutuwa ba, wutar kuma ba ta kasuwa?" Na ce haka ne, Baba, akwai wuta, akwai duhu, akwai kuka da cizon haƙora. Amma hawa-hawa da tsarin wane yana ina, wannan ba daga Littafi Mai Tsarki ba ne, aikin mawaƙa ne.

Na ɗauko masa tsohon littafina na jami'a, waƙar Dante, mutumin Fulorans a Italiya. An haife shi a 1265, 'yan adawar siyasa suka kore shi daga garinsu a 1302, bai sake komawa ba har ya mutu a Rabenna a 1321. A gudun hijirar nan ya tsara waƙar. Ya raba wuta hawa tara, rami mai tsukewa zuwa ƙasa kamar mazurari. Mazinata guguwa ke wurgi da su ba hutu. Masu duba an murɗe musu wuya, fuska na kallon baya. Ma'aikata masu cin hanci suna nutso a tafasasshiyar kwalta (nan Baba ya yi dariya har da tari). Munafukai na sanye da alkyabbar dalma da aka shafe da ruwan zinariya.

Abin da ya tsayar da Baba shi ne can ƙasa. Babu wuta a wurin sam. Tafki ne da ya daskare, maciya amana a kafe cikin ƙanƙara, wasu hawayensu na daskarewa a ido har kukan ma ya gagara. Shaiɗan na tsakiya da fuska uku yana tauna Yahuza Iskariyoti, da Burutus da Kasiyas da suka ci amanar Yuliyas Kaisar. Baba ya ja bargonsa ya ce, "To, wannan ya san sanyi."

Bayan la'asar Malam maƙwabcinmu ya leƙo gaida Baba, ya tarar da mu cikin zancen. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce ai zamhariru ke nan, azabar sanyi, tun suna makarantar allo suke jin ta a waƙoƙin wa'azi. Na gaya masa wani malamin Sifaniya, Asin Palasiyos, ya rubuta a 1919 cewa Dante ya tsinci abubuwa daga labaran Mi'iraji, kuma har yau masana na ja-in-ja a kai. Ya ji daɗi da na ce mawaƙin ya ajiye Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin a hawan farko, inda babu duka babu ƙuna, sai dai bege marar cika. Akwai baitocin da ya ci mutuncin addinin su Malam, waɗannan na tsallake su. Shekara nawa muna cin tuwon sallarsu suna cin shinkafar Kirsimetinmu. Ya tafi yana cewa, "'Yata, ai ko kalmar ɗaya ce." Gaskiyarsa. Jahannama da Gehenna tushensu guda, Kwarin Hinnom da ke gefen Urushalima.

Da dare aka ɗauke wuta (ta lantarki, kada a ruɗe), na zauna da fitilar waya ina ta juya abin. Manyan coci-coci a yau ba da harshen Dante suke magana ba. Littafin koyarwar Katolika na 1992 bai soke wutar ba, amma ya ce babbar azabar ita ce rabuwa da Allah har abada, kuma mutum ne ke zaɓar wa kansa. A watan Yulin 1999 Fafaroma John Paul na biyu ya ce a fahimci abin a matsayin halin da mai juya wa Allah baya ke ciki, fiye da wani wuri. Kwamitin koyarwa na Cocin Ingila a 1995 ya karkata ga cewa ƙarshen mai ƙin Allah shi ne ya zama babu. John Stott ma, wani mai wa'azi na Ingila wanda masu bishara ke ji da shi, ya nuna a 1988 cewa ya fi karkata ga hallaka gaba ɗaya a kan azaba marar yankewa, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Amma zo cocinmu ka faɗi haka, ka ga yadda dattawa za su dube ka. A nan wutar tana nan da zafinta, da tukwanenta.

Ni dai ban yarda cewa na zamanin nan sun sassauta ba. Kwalta da ƙanƙara ina iya kwatanta su, abin da ake iya kwatantawa kuwa da sauƙi-sauƙi. A kira Allah a ji shiru har abada, wannan ne ya hana ni gyangyaɗi.

Sai dai akwai abin da ban faɗa wa Baba ba. Dante ya cika raminsa da mutanen da ya sani. Ya tanadar wa Fafaroma Bonifas na takwas gurbi tun a cikin labarin mutumin yana raye, domin da hannunsa a korarsa. Har ya ce wasu maciya amanar ransu na faɗawa ƙanƙara tun kafin su mutu, aljani ya ci gaba da yawo da gangar jikinsu a gari. Ina karanta wannan da rana, fuskar uwar adashinmu ce ta faɗo mini, wadda ta gudu da kuɗinmu ana saura mako biyu kwasata. Na kafe ta a ƙanƙara har wuya, na kuma ji sanyi a raina. Fasto ya yi kusan awa guda yana wa'azi da safe, ko sau ɗaya ban hango kaina a cikin tukunyar ba. Ita na hango.

Ƙaramin ya farka yana tari. Bari in je in ƙara masa bargo, gobe Litinin ina da aji ƙarfe takwas.