Wata na bakwai da Japananci: yadda "play" ta ba ni kunya

'Yan uwa masu fama da Japananci, sannunmu da ƙoƙari. Makon nan kalma ɗaya ce ta hana ni sakat.

Kullum kafin in kwanta nakan rubuta jimla goma. Ran Talata na so in ce ina kaɗa jita. Na buɗe ƙamus na Turanci da Japananci, na nemo "play", abin da ya fara zuwa shi ne asobu (遊ぶ). Ban ko duba na ƙasa ba, na rubuta "gitaa o asobimasu". Malamar da ke duba mana rubutu ta ja masa jan layi, ta ce asobu wasa ne irin na yara a tsakar gida, ko fita shaƙatawa da abokai. Jita ba a yi mata asobu.

Da na zauna na jera su a takarda, sai na ga ai matsalar daga Turancin take. Bature ya tara abubuwa da yawa a buhu ɗaya, mu kuwa tun asali mun raba su. Sarewa busa ta ake yi, su ma haka suke cewa: fuku (吹く), kalmar da suke amfani da ita ga iska idan tana busawa. Da ita ake busa shakuhachi, sarewarsu ta gora. Ganga kuma tataku (叩く), wato duka, kamar yadda ake dukan taiko, gangarsu ta gargajiya. Ƙwallo ba wahala: "sakkaa o suru", yi kawai. Ɗan wasan kwaikwayo da ya fito a matsayin sarki, enjiru. Sa waƙa a na'ura, kakeru.

Inda Hausar ma ta kasa riƙe ni shi ne "kaɗa". Mu da ita muke kaɗa kalangu, da ita muke kaɗa garaya. Su kuwa duk abin da ke da tsirkiya, irin shamisen mai tsirkiya 3, har da fiyano, hiku (弾く) ne. Wannan hiku ɗin kuma yana da tagwai a furuci, 引く, wanda ke nufin ja. Sau biyu wayata tana zaɓo mini na ja, ban lura ba sai da aka nuna mini.

Don haka na yayyaga katunan haddar kalmomi da na yi da Turanci a baya. Yanzu gaban kati Hausa ce, kuma ba na rubuta aikatau shi kaɗai, sai da abin da yake tafiya da shi: busa sarewa, "fue o fuku", dukan ganga, "taiko o tataku". Na yi 12 jiya. Ina son kammala na "wear" kafin jarrabawar ƙwarewa a Japananci (JLPT) ta Disamba, don na leƙa na ga hula da riga da takalmi kowanne da nasa aikatau.